Wutsiyar Suna

Duk wanda ya taɓa bi ta ruwan ƙauyenmu da jirgi ya san Hiske Rinsma. In bai san sunanta ba, ya san harshenta. Ita ce mai buɗe gada. Ɗan ɗakinta na katako yana nan a gindin gadar, ba komai a ciki sai kujera biyu da butar kofi da gwangwanin biskit, kuma daga lokacin da ƙanƙara ta narke har sanyi ya dawo, can za ka same ta. Jirgi ya taho, ta sauke sandunan tare hanya, ta danna maɓalli, gada ta ɗaga sama, sannan ta miƙo doguwar sanda mai igiya da takalmin katako a ɗaure, a jefa kuɗin wucewa a ciki. Wanda ya jefa bai samu takalmin ba, ranar zai ji asalinsa.

"Kai mai farar hula, hannun nan naka na ado ne? Jirgi kamar gidan sama, saiti kuma babu. Wuce, kar ka tare wa mutane hanya."

Baƙi su yi ta dariya, suna tsammanin wasa take. Mu da muka san ta mun san ba wasa ba ne.

Aikin ba nata ba ne tun asali, na mijinta ne, Auke. Ita 'yar manoma ce, cikin shanu ta tashi. Ta aure shi da ƙuruciyarta, ta yi shekaru tana kai masa abincin rana a ɗakin nan, har hannunta ya san maɓallan ba tare da kowa ya koya mata ba. Shi mutum ne mai sanyi, magana sai an ja shi. Ita ke yi musu faɗan su biyu. Sai ciwon nan ya kama shi, wanda tsofaffinmu har gobe ba sa faɗar sunansa, sai dai su ce "K" su sunkuyar da kai, kowa ya san ciwon daji ake nufi. Ita ta riƙa tuƙa shi zuwa wani babban asibiti a Amsterdam, ta kan doguwar hanyar nan da aka gina a tsakiyar ruwa. Can wajen ƙarshe ko amsa kira ba ya iyawa. In ma'aikaciyar jinya ta leƙo ɗakin jira ta ce "Auke Rinsma," Hiske ce ke miƙewa ta ce, "Ga mu," sannan ta kama shi ta ɗaga.

Tun da aka binne shi a bayan coci, sunan bai sake fita daga bakinta ba. Ba addini ba ne, ba kuma al'ada ba; matan nan suna kiran mazajensu da suna gatsal, wani lokaci har da zagi a kai. Kawai dai in ta zo faɗa sai sunan ya ƙi fita. Ta koma ce masa "Pake", yadda jikoki ke kiran kakansu namiji, tun ma ba a samu jikan ba. Ta karɓi gadar ta ci gaba daga inda ya tsaya.

Ba a rufa shekara ba, Marrit, matar ɗanta tilo Durk, ta haihu. Durk ya ci burin maida sunan ubansa, sai aka samu mace. A nan yankinmu na Frisland wannan ba abin damuwa ba ne, sai a liƙa wa sunan wutsiya. Auke ya zama Aukje, harafi ɗaya a rubuce, a baki kuma "Aukye". Hiske ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta bar musu kan sunan ta kama wutsiyar.

"Kye," in ji ta.

Ita kaɗai ke kiranta haka a duniya.

Kye a ɗakin gada ta girma, kujera ta biyu tata ce. Tun ba ta kai tsayin taga ba take karɓar sandar, tana lilo da takalmin har ya sauka daidai hannun mai jirgi. Rigar ado kuwa ba ta sawa. Ranar da aka matsa mata ta sa wata don bikin 'yan'uwa, da gangan ta faɗa ruwa da ita. Ta taɓa ɗaukar almakashin ɗinki ta datse gashinta, Marrit ta zauna tana kuka, Hiske ta yi dariya har da riƙe ciki. "Bar ta. Ni ma da wandon yayana na girma, ban fasa aure ba."

A nan yaro ba ya ce wa babba "ke" ko "kai", sai ya yi magana kamar da wani yake, ko da tsiya zai yi. Kye "Beppe" take ce wa Hiske, wato kaka mace.

"Beppe ta tsufa. Saura kaɗan ta ɗaga gada da mai keke a kai."

"Ke da wa? Ubanki ma bai isa ba. Miƙo min biskit, 'yar nema. Ɗaya na ce, na ga na aljihunki."

"Beppe ba ta gani, ai ta ce idonta ya mutu."

"Ya mutu a kan jarida, bai mutu a kan ɓarayi ba."

Haka suke yini. In kana neman abin da Hiske ta mallaka bayan mutuwar mijinta, to wannan ne, ba gadar ba.

Shekarar da Kye ta cika sha biyu abubuwa suka soma lalacewa, a hankali, yadda ruwa ke cin katako. Ta rage zuwa. In ta zo, tana cikin wata ƙatuwar rigar sanyi ta ubanta, ana zafi kowa na neman inuwa, kafaɗunta a dunƙule. Yarinyar da ke daka tsalle daga kan gada ta faɗa ruwa kafin a hana ta, ta daina ko tsoma ƙafa. Burodin sukarin da take cinye rabinsa a tsaye, yanzu sai ta gutsura ta ajiye. Ta rame, idanu suka zurma. Wata rana ta cire hula, sai ga kai ƙwal, an aske shi tas.

Ga kuma mota. Ba motar da ke fita ƙauyen nan sai ta kan gadar Hiske, saboda haka ba mai sirrin tafiya. Ta ga motar Durk tana fita da sassafe ranar makaranta, Kye a baya, ba sa dawowa sai yamma. Ta gani, ta sake gani. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da abin ya ishe ta sai ta sauke sandar tare hanya, babu ko jirgi ɗaya a ruwa, ta zagayo wajen tagar ɗanta.

"Ina kuke zuwa da yarinyar nan?"

Durk ya kalli sitiyari. "Amsterdam."

"Yawo?"

"Asibiti. In lokaci ya yi za mu gaya wa Mem." Ita yake nufi, haka yaran nan ke kiran uwa.

Ta ɗaga musu sandar. Ba ta san yadda ta koma kujerarta ba. Amsterdam, asibiti, rama, aski: ta taɓa bin wannan hanyar, ta san inda take ɓullewa. Kofin da ke hannunta ya zube a cinyarta, ba ta ma ji zafinsa ba.

Me ya hana ta tambaya? Ai ka ji halinmu ke nan. Mutumin nan zai gaya maka ido da ido cewa fentin gidanka ya yi muni, amma abin da ke cinsa a rai sai ya tafi da shi kabari. Hiske da ke wanke attajirai tas a kan ruwa ta kasa buɗe baki ta faɗi harafi ɗaya. Su Durk kuma harshenta suke tsoro. Haka aka zauna, kowa yana tausayin kowa, kowa yana cutar kowa.

Ta koma yawan zuwa kabarin Pake da butar ban-ruwa. A can ma ta tarar da abin haushi: ciyawar gindin dutsen a kwance kamar ana zama a kai, ga ledojin baƙar alewar nan mai gishiri an cusa a gefe. Ta tsine wa samarin ƙauye, ta ce duk ranar da ta kama mai yi sai ya raina kansa. Sannan, ita da rabonta da addu'a tun jana'iza, ta tsaya a wurin ta yi ciniki da Ubangiji. "Ka ɗauke duk abin da kake so. Gadar, idona, ni kaina. Ka bar mini ita da rai kawai."

Keke ne ya tona asirin. Marrit ta faɗi a kan nata ta karya wuyan hannu, Durk yana teku wajen aikin haƙar yashi, ga ranar asibiti ta zo. Dole ta sa Marrit ta zo ɗakin gada da hannu a rataye, ta tsaya tana kame-kame.

"Beppe za ta iya kai mu gobe? Amma kafin nan akwai maganar da ya kamata..."

"Na sani."

Marrit ta yi turus. "Beppe ta sani?"

"Ina da ido, ko? Tun tuni. Kar ki faɗa, ba na son ji."

"Kuma Beppe ba ta ce komai ba?"

"Me zan ce? Abin da ya zo ya zo. Sai a tsaya wa yarinya."

Marrit ta fashe da kuka, ta rungume ta da hannu ɗaya, tana cewa sun yi wata da watanni suna fargabar wannan rana. Hiske ta bubbuga bayanta, ita ma hawaye na zuba. Mata biyu suna kuka a ɗaki ɗaya, kowacce da abin da take yi wa kukan.

Washegari ta bar wa mai canjinta gada suka kama hanya. Kye ta zama wata daban. Ta zauna a gaba, ta buɗe jaka ta cinye burodi biyu tun kafin su kai bakin teku. Ruwa dama, ruwa hagu, iska na tura motar. Hiske na satar kallonta tana cewa a ranta, haka Pake ma ya yi, ya samu sauƙi gab da ƙarshe.

"Mem ta ce Beppe ta sani," in ji Kye, tana nuna uwarta a baya da kai.

"Na sani."

"Beppe ba ta ji haushina ba?"

"Haushinki a kan me? Ke kika ɗora wa kanki?"

Kye ta waiga ta kalli uwarta, fuskarta ta washe. Sannan a hankali ta ce, "Har da sunan?"

"Kar wanda ya faɗi sunan nan a motata," in ji Hiske, da muryar da take yi wa masu jirage. "Jin da na yi masa ya ishe ni har in mutu."

Ita sunan ciwo take nufi. Kye ta nannaɗe sauran burodin ta maida jaka.

Asibitin bai canza wari ba. Sai dai Marrit ba ta bi inda ƙafar Hiske ta saba ba. Suka hau wani bene daban, suka shiga ɗakin jira mai kujeru kala-kala. Hiske ta bi yaran wurin da kallo tana neman abin da ta sani: ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa, fuska mai launin toka, uwa riƙe da kwanon amai. Babu ko ɗaya. Yara ne lafiyayyu, wasu na danna waya, wata doguwa na faɗa da ubanta ƙasa-ƙasa a kan takalmi. Iyayen ne ma suka fi kama da marasa lafiya. Tana cikin wannan tunanin aka buɗe ƙofa, ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

"Auke Rinsma."

"Ga mu," in ji Hiske.

Ta riga ta miƙe, jaka a hannu, kafin hankalinta ya dawo. Ta juya hagu, inda ya saba zama, don ta kama shi ta ɗaga. Kujerar ba kowa. A damanta kuwa jikarta ce tsaye, tana gyara rigar ubanta, tana amsa wa matar.

"Ni ne."

Kunnuwan Hiske suka toshe. Ta ga bakin Marrit yana motsi, ba ta ji abin da take faɗa ba. Da Kye ba ta kama hannunta ta ja ta ciki ba, da nan za ta tsaya har a rufe asibitin.

Likitar yara ce, mace, ba ta kai Durk shekaru ba, da takalmin gudu a ƙafarta. Ta auna tsayin Kye, ta ɗora ta a sikeli, ta juya wajen Marrit da fara'a. "Ya ƙara nauyi. Yana samun barci kuwa?" Hiske ta waiga ta ga ko da wani yaro a ɗakin.

"Dakata, 'yata," in ji ta. "Ni ba na son kwana-kwana. Ya bazu ne ko bai bazu ba?"

"Me ya bazu?"

"Ciwon," in ji Hiske. "K."

Marrit ta dafe baki da lafiyayyen hannunta. "Wayyo Beppe. Abin da Beppe ta sani ke nan?"

Likitar ba ta yi dariya ba, wannan kam a ba ta. Ta fara duban Kye, ta tambaya ko an yarda ta yi bayani, Kye ta gyaɗa kai, sannan ta jawo kujerarta kusa da tsohuwar.

"Babu ciwon daji, babu alamarsa. Jikin nan lafiya lau yake. Abin da ya kawo su shi ne, tun yana ƙarami yake cewa shi namiji ne. Da jiki ya fara canzawa irin na 'yan mata, abin ya zame masa azaba. Shi ya sa ya daina cin abinci, a ganinsa in bai ci ba jikin zai tsaya. Gashin kuwa shi ya aske abinsa."

Farin ciki ne ya fara zuwa wa Hiske, mai ƙarfi har ta ga jiri: ba mutuwa za ta yi ba. Bai daɗe ba fushi ya ture shi ya zauna.

"Wata da watanni ina binne yarinyar nan a raina, ashe ku kuna nan. Me kuke yi mata a wurin nan?"

"Yawanci magana," in ji likitar. "Sun daɗe a layi kafin su samu shiga. Tun da suka shiga yake zama da wata masaniyar halayyar yara, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci da iyayensa. Ba a yi masa allura ba, ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Akwai allurar da ke dakatar da balaga na wani lokaci, ita muke tattaunawa yanzu. Ba ƙaramin abu ba ne. Dole a riƙa duba ƙashinsa, kuma akwai abubuwan da mu kanmu likitoci ba mu gama sani ba, har gardama muke yi a kai. Ba za a yi ba sai shi da iyayensa da mu duk mun yarda."

Shi da iyayensa da su. Hiske ta lura ba kaka a cikin jerin.

"Ni ma na hau bishiya, na sa wando. Ga ni nan, na haihu."

"Da yawa haka suke, su girma abin ya wuce. Shi ya sa ba ma gaggawa. Wasu kuma ba ya wucewa."

Hiske ta bar likitar ta juya ga jikarta, wadda ta maƙale a kan gadon awo tana kallon ƙasa.

"Ke. Sunan wa na ji an kira a waje?"

"Nawa."

"Na mijina ne."

"Ban sata ba. Heit ne ya ba ni ranar da aka haife ni," in ji Kye, tana nufin ubanta. "Wutsiyar kawai na cire."

"Wutsiyar," in ji Hiske, "ita kaɗai ce tawa."

Hanyar teku ba ta taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. A ƙofar gidansu Kye ta sauka ta shige, ba sallama.

Makonnin da suka biyo baya masu jirage suka kasa gane kan gadar. Wani ya jefa kuɗi ya faɗa ruwa, ya dunƙule yana jiran zagi, Hiske ta ɗaga masa hannu ya wuce. Har mai shagon burodi ya aiko a tambaya ko lafiya. Ina lafiya? Tana zaune tana juya abu ɗaya: yarinyar da ta goya, ta yi wa wanka, ashe duk shekarun nan ba ta san wa ke zaune a kujera ta biyu ba. Wani lokaci ta ce likitoci ne suka cusa mata, wani lokaci ta ce waya ce, sai ta tuna rigar bikin da aka tsamo daga ruwa, lokacin ba waya ba likita. Allurar kuwa in ta tuna ta tsigar jikinta ke tashi. Cinikin da ta yi a bakin kabari ma ya dawo ya tsaya mata a wuya. Ta ce a ɗauke komai a bar mata rai, an yi mata yadda ta ce, ga ta kuma tana ƙorafi.

Kye ba ta sake taka gadar ba. Makaranta tana tsallaken ruwa, amma ta gwammace ta zagaya da keke ta cikin gonaki har gadar ƙauyen gaba, ko ana ruwa ko ana iska. Wannan ya fi komai ci wa Hiske rai. Kullum da safe sai ta ga yaran ƙauye sun wuce a jere, ta bi su da ido har na ƙarshe.

Da Durk ya dawo daga teku ya zo ɗakin gada. Bai zauna ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Mem ta kira shi da sunan sau ɗaya kawai. Abin da yake nema ke nan."

"Ka san ba na iyawa."

"Na sani. Shi ma ya sani, shi ya sa ya ce a ɓoye wa Mem. Ya koma barin abinci a faranti."

"Sunaye sun ƙare ne a duniya? Ta ɗauki Piter, ta ɗauki Klaas, in ya so in gwada."

"Wannan ne nasa." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ni ma ubana ne, Mem. Tun da ya rasu ban sake jin sunansa a gidanmu ba."

Wani jirgi ya yi oda, ta danna maɓalli.

Ranar Asabar da safe, kafin lokacin buɗe gada, ta ɗauki butar ban-ruwa ta nufi bayan coci. A bakin ƙofar maƙabartar ta ga keke a jingine. Ta san shi. Ita ta sayi ƙararrawar da ke jiki. Ta bi tsakanin duwatsun a hankali, sai ga Kye zaune a kan ciyawar nan da ta kwanta, ta jingina baya da dutsen Pake, ta cusa gwiwoyi cikin ƙatuwar rigar.

"Ashe ke ce mai ledojin."

Kye ta zabura. "Zan kwashe."

"Me kike yi a nan?"

"Zama."

"Duk faɗin ƙauyen nan ba wurin zama sai kan kabari?"

Kye ba ta waiga ba. Ta ɗaga hannu sama da kanta, yatsunta suka sauka a kan haruffan ba tare da lalube ba. "Nan kaɗai aka rubuta shi daidai."

"Tun yaushe kike zuwa?"

"Tun bara." Ta tsinki ciyawa. "Da abin ya yi tsanani, nakan ce da ni ne a ƙasan nan da kowa ya huta. Ba mai gardama da dutse." Ta ga fuskar kakarta, ta yi saurin ƙarawa, "Na gaya wa masu asibiti, su Mem ma sun sani. Ya ragu sosai. Kwanan nan ne dai ya ɗan dawo."

Butar ta suɓuce, ruwa ya cika wa Hiske takalmi. Kwanan nan. Ba sai an gaya mata daga wace rana ba. Ta dubi dutsen: ga sunan a sassaƙe, ga askakken kai da siririn wuya daidai ƙarƙashinsa. Duk watannin nan tana fargabar ciwo zai kawo yarinyar nan wurin, ashe da ƙafarta take zuwa, ita kuwa tana tsintar ledoji tana tsinuwa. Tsoron da ya kama ta ya fi na asibiti, ya fi na ranar da aka gaya mata Pake ba zai tashi ba, don wancan ba hannunta a ciki.

Ta buɗe baki. Sunan ya ƙi fita kamar kullum. Ta dafa dutsen maƙwabci, ta sake.

"Auke."

A shaƙe ya fito, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Yaron ya juya ya kalli dutsen, don bai san da wa take ba.

"Da kai nake. Wancan ya gama amsawa." Ta miƙa masa hannu. "Tashi daga nan, wurin da mai shi."

Ya kama hannun ya miƙe. Ba shi da nauyin komai. Ya tsaya yana kallonta.

"Beppe ta yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba. Ban gane komai ba tukuna, kuma allurar nan sai na koma na tsare mai takalmin gudun nan ta yi mini bayani dalla-dalla, ko ina cikin jerinsu ko ba na ciki. Kwashe ledojinka."

Daga wajen ruwa wani jirgi ya yi oda, wani ya taya shi.

"Ka ji su, marasa haƙuri. Wuce gaba. Takalmin yana inda ka bar shi, akwai burodi a gwangwani, kuma ina kallo."

Ya ja kekensa ya yi gaba, ita a baya da butar da ba komai a ciki. A bakin ƙofar cocin ta sake gwada sunan a hankali, ita kaɗai, ta ji ko bakin zai ɗauka. Ya yi mata zafi kamar na farko. Ta sake faɗa.